Nasiha ga ɗana mai shirin kai baƙi cikin Abzin da Tenere

Ɗana, mahaifiyarka ta aiko mini da albishir cewa maigidanka ya damƙa maka mota, ya ɗora ka a kan aikin kai masu yawon buɗe ido cikin duwatsun Abzin da rairayin Tenere. Na yi murna ƙwarai, na kuma sa maka albarka. Sana'a ce mai mutunci, ta ciyar da gidaje da yawa a Agadas lokacin da take tashe, ina kuma fatan ta sake miƙewa a hannunku. Ga abin da ke raina, ka karanta a natse.

Ka fara sanin inda za ka shiga. Gwamnatin Nijar ta keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, faɗinsa hekta miliyan 7.7, ya fi ƙasar Togo girma. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya, shekara ɗaya bayan haka, da tawaye ya yi ƙamari, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, ya kuma shafe fiye da shekara 30 a wannan jeri. A tsakiyarsa akwai yanki, kusan kashi ɗaya cikin shida, da aka killace domin farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adas. Ba a shigarsa sai da izini na musamman, ko da baƙo ya roƙa, ko da babu ma'aikacin gandun daji ko ɗaya a kusa.

A cikin gari kai direba ne. Da zarar ka wuce shingen jandarma na ƙarshe, matsayinka ya canza, ka zama madugu ko da shekarunka ba su kai ba. Mutanen da ke zaune bayanka sun biya kuɗi, wasu sun girme ka, wasu sun fi ka karatu nesa ba kusa ba, amma ransu yana hannunka bayan Allah. Ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma a farkon sanyi, da raƙuma ɗaruruwa, bakin mutum ɗaya yake bi. In ya ce a tashi, an tashi. In ya ce yau ba sauka sai dare ya raba, babu mai musu, domin kowa ya san ya lissafa ruwa da ciyawa da ƙarfin dabba kafin ya buɗe baki. Tuƙi kowa na iya koyonsa cikin 'yan watanni. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne mutum ya iya ce wa baƙo a'a, fuskarsa a sake, bai wulaƙanta shi ba, bai kuma janye ba. Kusan duk abin da zan faɗa maka nan gaba a kan wannan yake.

Ruwa nake so mu fi daɗewa a kansa. A lokacin sanyi ka lissafa wa kowane mutum aƙalla lita 5 a yini na sha da girki, in zafi ya fara shigowa ka ninka. Ka ƙara na kwanaki uku ko huɗu da ba sa cikin shirin tafiya, ka ware na mota dabam. Kada ka zuba shi duka a mazubi ɗaya, kada kuma ka tara shi a mota ɗaya, don jarka takan fashe, mota takan kife. Da asuba kafin tashi ka ɗaga kowace jarka da hannunka ka ji nauyinta. Yaron mota zai ce maka an cika, ba kuwa ƙarya yake nufi ba, amma kai ne za a tambaya. Rijiyar da ke kan taswira kuwa kada ka sa ta cikin lissafi sai ka ji daga bakin wanda ya sha ruwanta kwanan nan, don rairayi yakan cike rijiya, ruwa yakan janye. Salkar da ake ratayewa a jikin mota tana sanyaya ruwa, baƙi suna sonta, amma ta jin daɗi ce, ba ita ce ajiyarka ba.

Ka san abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, ko da yake a lokacin kana yaro. An tsinci gawarwakin mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga cikinsu 'yan yankin Kance ne a jihar Damagaram. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ruwa ya ƙare, mutane suka watsu da ƙafa neman rijiya. Allah ya jiƙansu. Ba yawon buɗe ido suka fita ba, talauci ne ya koro su, amma ƙishirwa ba ta tambayar dalilin tafiya. Har yau in na tuna yaran nan sai zuciyata ta yi nauyi, shi ya sa ba na gajiya da maimaita wa matasa irinka ƙa'idojin da manya suka bar mana.

Mota ɗaya ba ta shiga Tenere. Biyu ne mafi ƙaranci, kuma ta gaba ba ta ɓace wa ta baya. In baƙo ya ce kuɗinsa na mota ɗaya ne, ka kai shi inda mota ɗaya ke iya zuwa, ka gaya masa dalili. Takardar hanya da ka bari wurin hukuma da wurin maigidanka, mai ɗauke da wuraren kwana da ranar dawowa, ita ce za a bi a nemo ka, saboda haka kada ka sauka daga kanta don wani ya ji labarin wani kyakkyawan tudu a gefe. Wayar tauraron ɗan Adam, wadda kuke kira Turaya, ta kasance da caji da kuɗi a ciki. In kuma mota ta lalace, kowa ya zauna inda take. Ka kafa inuwa, ka raba ruwa da awo, ka hana zirga-zirga da rana, in ta kama ka ƙona safaya da tsakar rana don hayaƙi ya tashi. Mai nema yakan hangi mota daga nesa, amma mutum mai tafiya da ƙafa a cikin wannan fili ba ya ganuwa. A irin wannan rana za a sami wanda zai tashi ya ce shi zai je neman taimako. Wannan ce a'a mafi girma da za ka taɓa faɗa, ka faɗe ta da taushi, ka kuma riƙe hannunsa in ta kai ga haka.

Rairayi yana da lokutansa. Da safe sanyin dare ya ɗaure shi, mota takan bi ta kansa ba wahala. In rana ta take sai ya saki, ya koma kamar garin tuwo, kuma a wannan sa'a inuwa takan ɓace, ido ba ya bambanta tudu da rami. Ka yi tafiyarka mai wuya da hantsi, ka sauka da azahar, ka ba mutane shayi, ka bar inji ya huce. Ka rage iskar taya kafin ka shiga taushi, ka mayar da ita kafin ka hau duwatsu, in ba haka ba tsakuwar Abzin za ta yayyaga maka ita. Tudun rairayi fuska biyu gare shi, ta wajen iska mai sauƙin hawa, ta bayanta kuma a tsaye. A tuddan Temet da na Arakawo, inda rairayi ke tashi ɗaruruwan mita, wanda ya hau da gudu bai san abin da ke bayan ƙoli ba yana wasa da ran mutane. Ka tsaya, ka sauka da ƙafa, ka leƙa. In za ka gangara, ka miƙe hancin mota ƙasa, kada ka ratsa a karkace. In taya ta fara nutsewa, ɗauke ƙafarka nan take, don ƙara wuta ba ya yin komai sai haƙa wa mota rami. Shebur, farantan ƙarfe da haƙuri su ne ke fitar da ita. Baƙi matasa za su yi ta ihu suna cewa ka ƙara gudu, su ɗauka a waya, abokan aikinka kuma za su ce kai matsoraci ne. Bar su su faɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

A cikin duwatsu kada ka kafa zango a tsakiyar kwari ko da ya bushe ƙayau, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Ruwan da ya sauka a kan dutsen Bagzan yakan iso da dare alhali sama garau take a inda kake. Ka gaya wa baƙi tun a gari su zo da bargo mai kauri, sanyin Disamba da Janairu a can ba wasa ba ne, su kuma riƙa kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Na'urar GPS alheri ce, ka riƙe ta. Sai dai layi take ja maka daga nan zuwa can, ba ta san inda ƙasa ke cin mota ba, ba ta kuma san inda aka binne nakiya a tawayen 2007 zuwa 2009 ba, lokacin da hanyoyin wajen Iferwan suka zama abin tsoro. Wannan ilimi yana kan tsofaffin jagorori na Abzinawa da Tubawa, waɗanda ke karanta launin ƙasa da kwanciyar rairayi da taurari. Ka ɗauki ɗayansu a kujerar gaba, ka biya shi haƙƙinsa cikakke, ka zuba masa shayi da hannunka, ka yi ta tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu maganar dabbobi. Za a yi ranar da barewa za ta tashi gabanku, baƙo ya dafa kafaɗarka ya ce ka bi ta ya sami hoto, wataƙila ma ya nuna maka kuɗi. Kada ka bi. Dabbar hamada tana rayuwa ne da ɗan danshin da take samu a ganye, tana tattalinsa ta wurin kwanciya a inuwa da rage motsi. In mota ta kore ta, jikinta ya ɗauki zafi, ta ƙone ruwan da ta tara na kwanaki, sai ta je bayan wani tudu ta faɗi, mai ciki kuma ta yi ɓari. Baƙon zai koma da hotonsa yana murna, bai san ya kashe ta ba, amma kai ka sani. An yi wa adas irin wannan kora da motoci, ga kuma farauta da bindiga, yau waɗanda suka rage a daji ana ƙiyasta ba su kai 100 ba, su ma can wajen Termit da Tin Tumma. Jimina da ke yawo garke-garke a kwaruruwan Abzin ta ƙare a shekarun 1990, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace a Iferwan da Kelle da fatan a mayar da su daji. Mariri ya ɓace daga daji gaba ɗaya, aka sanar da haka a 2000, sai a 2016 aka fara sakin waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje cikin wani gandu a Cadi. Abin da ya rage mana, barewa da ragon dutse da dila da tsuntsaye, amana ne. In ka kashe inji ka yi shiru, sau da yawa dabbar da kanta takan tsaya ta waiwayo, hoton da za a samu ma ya fi kyau.

Ka kuma kula da inda kake sa taya. A filin tsakuwa sawun mota yakan yi shekaru bai goge ba, kuma ɗan tsiron da ya fito bayan yayyafi shi ne abincin raƙumin wani da akuyar wata. Inda akwai tsohon sawu, ka bi shi.

In ka kai baƙi wurin Itaciyar Tenere, ka ba su labarinta da gaskiya. Itaciyar ƙaya ce guda ɗaya tak a kan hanyar Bilma, babu wata kusa da ita. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarta ta nutse fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari suka wuce ta, mutane na jin sanyi suna buƙatar itacen shayi, raƙuma na jin yunwa, amma aka bar ta a tsaye. A 1973 direban wata babbar mota ya buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a wurinta kuma an kafa ta ƙarfe. Duk wanda ke riƙe da sitiyari a wannan hamada ya kamata ya tsaya gaban wannan ƙarfe ya yi tunani, domin ɗan sana'armu ne ya yi wannan aika-aika. Saboda haka ka tafi da tukunyar gas ko busasshen itace daga gari, kada gatari ya taɓa ɗanyen reshe don a gasa gurasar tagella a yi wa baƙi burgewa.

Duwatsun ma suna da haƙƙi. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita 5, masana na ba su shekara 6,000 zuwa 8,000. Irin waɗannan zane-zane suna warwatse a Abzin. Kada ka bari a hau kansu da takalmi, ko a watsa musu ruwa don su fito a hoto, ko a bi layinsu da alli, balle wani ya karce sunansa a gefe. A Gobero, a 2000, ayarin masanin nan ɗan Amurka Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ya yi kiciɓis da maƙabarta a bakin wani tafki da ya ƙafe, aka sami kaburbura wajen 200 tare da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. Wurin da yau ba ya tsirar da ciyawa, da can masunta ne ke zaune a cikinsa. Wannan labari daga ƙasa aka karanto shi, daga yadda kowane abu yake kwance kusa da ɗan'uwansa. A wajen Adrar Bus za ka ga kan kibiya na dutse da duwatsun niƙa da tsingaro a fili. Baƙo zai ce guda ɗaya ce kawai zai sa a aljihu. Ɗaya-ɗayar nan ce ta share wurare da dama tas. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta hana, amma ni na fi so ka hana don ka fahimci dalili. Ka ce masa ya ɗauka ya duba, ya yi hoto, ya mayar daidai inda ya gani. Kai ma kada ka saya, kada ka sayar.

Gandun nan ba kango ba ne, gidan mutane ne. In ka iso rijiya ka tarar makiyaya na shayarwa, ka kashe mota daga nesa, ka yi sallama, ka jira dabbobi su gama. Kada sabulu ya shiga ruwan da ake sha, ko a tafkin da ke ƙarƙashin magangarar ruwan Timiya. Kafin a ɗauki hoton mace ko dattijo a nemi yardarsu, in sun ƙi magana ta ƙare. Ka hana jefa wa yara alewa da biro ta taga, wannan yana koya musu bara, mai son yin alheri ka kai shi wurin maigari ko malamin makaranta. Ka sayi lemu da rumman da dabino a garakan Timiya, ka sayi cuku wurin mata, ka kai baƙi wurin maƙera su sayi azurfa daga hannun wanda ya ƙera ta, kada ka ɓoye wani kaso naka cikin farashi. In mutanen wuri suka ga amfanin zuwanka, su ne za su gaya maka hanyar da ba ta da lafiya tun kafin ka shiga. Gwangwani da leda da batir kuwa, abin da ya fita da kai daga gari ya dawo da kai. Sallarka kada ta salwanta don kunyar baƙo. Ka tsayar da mota, ka yi taimama in ruwa ya yi kaɗan, ba wanda zai raina ka a kan haka.

Sana'ar nan ta ga hawa da sauka. A shekarun 1980 tseren motocin Paris-Dakar yana ratsa Agadas, Mano Dayak da kamfaninsa Temet Voyages suka buɗe wa Turawa hanyar Tenere, garin ya cika da baƙi duk sanyi. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da komai, shi kansa Mano ya rasu a haɗarin jirgi a Disamba 1995, filin jirgin Agadas yana ɗauke da sunansa. Aka farfaɗo, sai tawaye na biyu, sai sace ma'aikata a Arlit a 2010. Direbobi da yawa suka koma jigilar masu ƙetara hamada zuwa Libiya, wasu suka nufi zinariyar Jado da ta ɓulla a 2014. Ban zarge su ba, iyali ba sa cin haƙuri. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Saboda haka in hukuma ta ce sai da rakiyar sojoji, ko ta rufe hanya, ka bi ba gardama, kada kuma ka riƙa faɗin inda za ku kwana a majalisar shayi. In wani ya ba ka ƙunshi ka kai masa wani wuri, ba ka san abin da ke ciki ba, ka ƙi, ko da kuɗin ya fi albashinka na shekara.

Kada kuma ka zauna jiran Bature kaɗai. Akwai ɗalibai a Damagaram da Maraɗi da Tawa, akwai 'yan kasuwa a Kano da Katsina, waɗanda kakanninsu suka ci kantun gishirin Bilma, amma ba su taɓa ganin hanyar da ya biyo ba. A birnin Kano har yau akwai unguwar Agadasawa. In irin waɗannan suka shiga motarka, ka ba su kulawar da za ka ba mai kuɗin waje, ka fara da su daga hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, ka yi musu bayani da Hausa dalla-dalla, don su ne za su koma su gaya wa na gida cewa wannan wuri namu ne kuma ya cancanci a kare shi.

Kafin sanyi ya shigo, ɗana, ka yi tafiya ɗaya ko biyu a matsayin mota ta baya, kana bin sawun wanda ya girme ka a hanya. Ka duba lagireto da belt da tayoyi da kanka, ka kuma kawo mini takardar hanyarka ta farko mu duba ta tare kafin ka miƙa wa hukuma. Allah ya tsare ka da waɗanda za ka ɗauka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.